Tabon Dutsen Guga

A ofishin nan da ke saman shagon masu sayar da tayoyi, ba a kiran kowa da sunan da aka raɗa masa. Wanda ke sa wa mutanen kwamfuta ƙasusuwa don su iya motsi, Dogo ake ce masa, ko da yake in ya miƙe tsaye da ƙyar yake kai kafaɗar Manaja. Ita kuwa Tela suke ce mata, sunan kuma ya zauna mata daram, don aikinta ɗinki ne. Sai dai ba yadi take ɗinkawa ba, fata ce.

Mutumin kwamfuta, irin wanda ake gani a talla yana tafiya yana magana, tsirara yake zuwa, toka-toka kamar an ƙera shi da siminti. Fatarsa daban ake yin ta. Hoton jikin mutum ne na gaske, a baje shi a allo, fuska nan, gadon baya can, hannuwa a gefe, yadda ake yanka yadi in za a yi riga. Matsalar ita ce kowace fata an yanke ta ne daidai jikin da aka yi ta dominsa. Ka ɗora ta a wani jikin haka siddan, sai ka ga cibiya ta koma haƙarƙari, gira ta hau tsakiyar goshi, farce ya zauna a gaɓar yatsa. Aikin Tela shi ne ta ja nan, ta saki can, ta ɓoye ɗinki, har fatar wani ta zauna a jikin wani kamar da ita aka haife shi. Shekara uku tana wannan aiki, kuma ta san ta iya, ba ta ma ɓoye cewa ta sani.

Ranar Litinin aka kawo musu aikin wani kamfanin motocin haya, tallar gargaɗi ce ga fasinjoji su kula da jakunkunansu. Ana son ɗan sane a tsaye cikin cunkoso, a nuno hannunsa kusa-kusa yana shiga cikin jakar wata mata. Dogo ya riga ya gama da gangar jikin. Manaja kuwa, da yake ba ya son ɓata lokaci, ya sayo fata a kasuwar intanet, ta wani dattijo mai faffaɗan hanci da ba wanda ya san shi, ya ce Tela ta ɗinka ta a jikin ɓarawon kafin Juma'a.

Ta gama da fuska kafin azahar. Ta gangaro wuya, ta gyara kafaɗu, ta zo hannuwa. Fata irin wannan shimfiɗa biyu ce, ta launi, da kuma ta tudu da kwari, wadda ke fito da jijiya da tamoji in haske ya buga. A ta launi hannun lafiya lau yake. Da ta kunna ta biyun, ta juyo fitilar cikin kwamfutar ta haska daga gefe, sai wani abu ya taso a bayan hannun hagu, ƙasa da ɗan yatsan tsakiya. Tabo ne mai kusurwa uku, mai tsini a sama, gefe ɗaya ya ɗan tattare.

Ta san tabon nan fiye da yadda ta san fuskarta, don duk Asabar sai ta shafa masa man zafi. Hannun Baba ne.

Tana 'yar shekara huɗu ta ja wayar dutsen guga daga kan tebur, Baba ya tare shi da bayan hannu kafin ya sauka a kanta. Tun tana ƙarama ake ba ta labarin, har ya zama abin tsokana a gida, in ta yi laifi Baba ya ɗaga hannun ya ce ga shaidarta ta farko nan. Da za ta yi jarrabawar ƙarshe a makarantar koyon wannan sana'a, aka ce kowa ya kawo fatar hannun da ya ɗauka da kansa. Sai da ta yi kwana uku tana lallaɓa shi. Baba tsohon mai gyaran agogo ne, mutum ne da ba ya son hoto ko na biki, balle a ɗauki hannunsa sau ɗari biyu ta kowane gefe. Da ya yarda, sharaɗi ɗaya ya gindaya mata.

“Uwata,” ya ce, “shekara arba'in mutane na bar mini agogunansu, ko sukuru ɗaya bai taɓa ɓata a hannun nan ba. Ki ɗauka ki ci jarrabawarki. Amma kada in ga hannuna yana yin abin da ban sa shi ba.”

Ta yi masa alkawari har da rantsuwar da bai nema ba. Yau ga hannun nan a allonta, an shirya shi zai shiga jakar wata.

Ta kashe fitilar, ta waiwaya. Ba wanda ke kallonta. Fanka na juyawa, masu tayoyi a ƙasa na ta buga ƙarfe, Dogo ya sa abin sauraro a kunne yana kaɗa kai. Sai ta fara lissafi a zuci. Mutum uku ne kaɗai suka taɓa taɓa waɗannan hotuna. Ita, da maigidanta wanda ya gyara mata ƙaramar kwamfutarta bara lokacin da ta ƙi tashi, da Dogo, wanda ya riƙe mata fitila ranar da aka ɗauki hoton, ya kuma ajiye mata kwafi a faifansa na mako guda saboda nata ya cika. Ita dai ta san ba ita ba ce. Mutum in zai fara zargi, da wannan jimlar yake buɗewa, kuma ba ya komawa ya sake duba ta.

Da yamma ta fara da maigidan. Ba ta tambaye shi kai tsaye ba, ta bi ta bayan gida. Tana wanke wa yarinyarsu hannu ta ce wai ranar da ya gyara mata kwamfuta, da kansa ya yi ko shago ya kai. Ya ce da kansa, a kan tabarmar nan, ita ma tana zaune tana yi masa gyaran da bai tambaya ba. Ta ce ko ya kwafi wani abu. Ya ce ya kwafi hotunan bikinsu, in tana son abinta ya mayar mata. Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta tsaya tana nazarin dariyar, ko ta yi tsawo, ko ta zo da wuri. Bawan Allah ya ga kallon da ake yi masa ya tsargu, ya fara tunanin laifin da ya yi a makon nan, tsarguwar kuma ta ƙara masa kama da mai laifi. A ƙarshe dai ta sallame shi a ranta, ba don ta gamsu ba, sai don ta san ko an ba shi fatar a hannu bai san inda ake sayar da ita ba.

Saura Dogo.

Ranar Talata ta zo da wuri ta juya kujerarta yadda za ta riƙa ganin allonsa ta gilashin taga. Abin da mutum ya fita nema kuwa, yakan same shi. Ta lura wayar Dogo sabuwa ce. Ta lura takalminsa ma bai daɗe ba. Ta tuna cewa shi ne ya fi kowa sanin kasuwar intanet ɗin nan, shi ya ma nuna wa Manaja ita. Sannan sau biyu ta tashi za ta sha ruwa, sau biyu ya yi sauri ya rufe abin da ke allonsa, ya buɗe wani. A karo na biyu ta hango abin kafin ya ɓace. Hannu ne, baje a fili, toka-toka.

Dogo mutum ne mai surutu, wanda in ya fara ba ka labarin ƙwallo sai shayinka ya huce. A kwanakin nan bakinsa ya mutu. Ya gaishe ta bai kalli idonta ba. Da ta tambaye shi da gangan ko ya ga fatar da aka sayo, ya ce ya ɗan leƙa, ba laifi, sai dai hannuwan ba su yi masa ba, da za ta bar masa su ya nemo wasu. Ta ce tun yaushe mai ƙashi ya fara damuwa da fata. Ya sosa ƙeya ya ce taimako ne kawai. Ta ce ta gode, a ranta kuwa ta ce ka kama kanka.

Abin ya yi mata ciwo, ba wai fushi kaɗai ba. Dogo ne ya kawo ta ofishin nan. Ya ci abinci a gidan Baba, Baba ya gyara masa agogon kakansa bai karɓi komai ba. Lokacin da naƙuda ta zo mata mako uku kafin lokaci, tana tsakiyar aiki, shi ya sauko da ita matakala, ya tsayar da mota, ya kuma ƙarasa ayyukan da ta bari. A da in ta tuna wannan takan ji daɗi. Yanzu ko shi ma sai ta juya shi ta duba ƙasansa, ta ce ashe wata ukun da ta yi tana jego ya samu shi kaɗai da kwamfutarta.

Ranar Laraba ta duba tarihin fayil ɗin, inda kwamfuta ke rubuta wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Sunan Dogo ya fito sau huɗu. Na farko ranar Litinin da safe, kafin ita kanta ta taɓa fatar. Ta shiga kasuwar intanet ɗin ta nemo dattijon mai faffaɗan hanci. Mai sayarwar ba shi da suna, wasu haruffa ne da lambobi. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa mutum ɗari shida da arba'in sun saya. Ta daɗe tana kallon lambar. Aikin ɗan sane kuwa tun Litinin bai matsa ba, don tun da ta ga tabon idonta ya bar aiki ya koma kan mutane.

Ranar Alhamis da hantsi ta shiga wurin Manaja ta rufe ƙofa. Ta zayyana masa komai, tabon, hotunan, faifan Dogo, tarihin fayil, har da wayar da takalmin. Manaja bai damu da Baba ba, bai san shi ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne a ce a ofishinsa akwai mai fitar da kaya yana sayarwa, don in an sayar da hannun tsoho yau, gobe aikin kamfanin mutane za a sayar. Ya leƙa ya kira Dogo. Ya ce masa ya ajiye makullin ofis a tebur, kada ya sake taɓa kwamfuta sai an gama bincike.

Dogo ya ciro makullin ya ajiye. Bai yi rantsuwa ba, bai ɗaga murya ba, Tela kuma ta ƙara wannan a cikin hujjojinta. Sai ya juyo ya kalle ta, karo na farko a makon.

“Tela, kin duba ɗinkin?”

“Wane ɗinki?”

“Inda aka jona hannun, a wuyan hannu. Yallaɓai, a yi mini izini ta buɗe a nan, ni ba zan taɓa ba.”

A sana'ar nan kowa da yadda yake ɓoye ɗinkinsa. In fatar da aka sayo hannunta bai yi kyau ba, sai a aro na wata a jona, kuma wurin jonin shi ne sa hannun mai aikin. Wasu miƙe suke yanka shi kamar da rula. Wasu su zagaya da shi inda agogo zai rufe. Tela ita kaɗai ke yin haƙora uku a ƙarƙashin ƙashin wuyan hannu, don ta ce miƙaƙƙen layi ido yana kama shi. Ta sha yi wa Dogo gori a kan haka. A ofishin har ana cewa ko a duhu aka shafa aikin Tela za a ji haƙoranta.

Ta zauna a kujerar Manaja ta buɗe shimfiɗar tudu da kwari. Ta matso da wuyan hannun, ta ƙara duhun har layukan da aka shafe suka fito. Ɗaya, biyu, uku.

Sai abin ya dawo mata gaba ɗaya, har da zafin ranar da nauyin cikin. Wani likita ne suke yi wa wani kamfani, dattijo mai faffaɗan hanci sanye da farar riga mai dogon hannu. Hannuwan fatar da aka ba ta sun yi dishi-dishi, mai aikin kuma zai zo ganin samfuri da la'asar. Ta ce bari ta ari na Baba na awa biyu kawai, ya gani ya tafi, gobe ta canza. Ta goge tabon a shimfiɗar launi, ta mance da ta biyun. Goben ba ta zo ba, don a safiyar ne Dogo ya sauko da ita matakala. Ta dawo bayan wata uku da jaririya a baya da barcin da bai ishe ta ba, likita kuwa an daɗe da miƙa shi. Kamfanin ya biya, ya zama nasu, daga nan ya bi hannu zuwa hannu har aka tuɓe masa riga aka baje fatarsa a kasuwa.

Dogo ya ce shi ya miƙa aikin, amma bai san hannun wa ke ciki ba, don rigar ta sauko har kan tabon, kuma ba a haska shi daga gefe ba. Ranar Litinin da ya buɗe don ya gwada lanƙwasar yatsu ya ga tabon, ya gane shi, ya duba jonin ya ga haƙora uku. Ya rasa ta inda zai fara gaya mata. Shi ya sa yake ta ƙoƙarin shafe shi a ɓoye, shi kuma ba gwanin fata ba ne, duk shafar da ya yi sai ta bar rami ya mayar da shi yadda yake.

Manaja ya tura wa Dogo makullinsa da ɗan yatsa, ya ce tunda ba sata aka yi ba, a cire tabon a gama masa aiki kafin gobe. A wurinsa magana ta ƙare ke nan.

Ta ba Dogo haƙuri a gaban Manaja, ta sake ba shi a matakala. Ya ce ba komai, ya wuce. Da ta ambaci wayar, ya ce ƙanwarsa ce ta ba shi tata da ta canza. Bai faɗa da zafi ba, amma da aka tashi cin abinci ya ɗauki kwanonsa ya sauka wurin masu tayoyi. Ita kuwa ta zauna ta cire hannuwan Baba daga jikin ɗan sane, ta jona wasu. Minti arba'in ya ɗauke ta. Ta rubuta wa mai sayarwa a kasuwar ta roƙe shi ya sauke fatar, ya amsa da ladabi cewa zai duba, amma waɗanda suka riga suka saya ba shi da iko da su.

Ranar Asabar ta je gidan Baba kamar kullum. Ta tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, da tabarau a kan hanci, yana kallon wani agogon bango da ya buɗe tun watan jiya, yatsun sun ƙi ba shi haɗin kai ya rufe. Ya yi wa jikarsa wasa, ya tambayi maigidan, ya tambayi Dogo, ya ce yaron ya kwana biyu bai leƙo ba. A hanya ta shirya cewa ba za ta faɗa ba. Tsoho ne, ba ya shiga intanet, har ya koma ga Allah ba zai sani ba. Ta ɗauko kwalbar man zafi daga kan kabad, ta jawo kujera 'yar tsugunno, ya miƙo mata hannun hagu kamar yadda ya saba, idonsa na kan agogon. Tabon na nan a gabanta, mai tsini a sama. Sai ta ji ba za ta iya taɓa shi da ƙarya a baki ba.

Ta faɗa masa duka, ba ta rage ba, har da abin da ta yi wa Dogo. Ta yi tsammanin zai yi faɗa, ta ma so ya yi. Bai katse ta ba. Da ta gama ya cire tabarau ya ninke.

“To wannan ɓarawon, kin cire masa?”

“Na cire, Baba.”

“Sauran fa? Mutum nawa ne ke da shi yanzu?”

“Ɗari shida da arba'in.”

“Me suke yi da shi?”

“Ban sani ba, Baba. Ba yadda za a yi in sani.”

Ya juya hannun ya kalli tafin, ya sake juya shi ya kalli bayan, a hankali, yadda yake duba agogon da aka kawo masa daga wurin wani mai gyara. Ya ce Allah ya kyauta. Ya ce ta je ta sake ba yaron nan haƙuri, ta ce masa ya zo ya gan shi. Muryarsa ba ta canza ba, har ta fara jin sanyi a ranta, ta buɗe kwalbar ta lakato man, ta kai hannu.

Baba ya janye nasa ya ɗora a cinya, ya rufe shi da na dama.

“Ajiye nan, Uwata,” ya ce. “Zan shafa da kaina.”